Zaman Baba a Bakin Ruwan Khumra

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gidan muke kira Baba, jikoki kuma suke ce wa Sidi, ya amsa kiran Ubangijinsa wata Laraba da hantsi a ɗakinsa da ke unguwar Nuzla a Jidda, kansa a kan cinyar autansa. Na fara da zancen cinyar ne don shi ne abin da duk mai shigowa gaisuwa yake son ji, wani ya tambaya da baki, wani da ido.

An jera kujeru a lungu an ja fitilu, kamar yadda ake zaman makoki a nan. Mu mata muna ciki. Kowa da irin gaisuwarsa. Haihuwar Jidda su dafa kafaɗarki su ce "Azzamallahu ajrakum," su wuce. Dangin su Baba, mutanen Sudan, tun daga bakin ƙofa suke ɗaga hannu su ce "Fatiha," sai an shafa kafin a rungume juna. Namu na Najeriya da Nijar kuwa sai sun zauna sun miƙe ƙafa: ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, jinya ya yi ko kuwa? Amma da an gama wannan, kowacce sai ta sassauta murya.

"Wai Autan ne na hango tsaye a layin maza?"

"Shi ne, Goggo."

"Sun dai gana kafin…?"

"Sun gana. Sun ma daɗe da ganawa."

Wata tsohuwar ƙawar Hajiya, surukata, da ta ji haka sai ta saki ajiyar zuciya har da 'yar dariya. Ta tuna a gidan mutuwa take, ta toshe baki da gefen mayafi tana istigfari. Hajiya ta ce mata, "Yi dariyarki, 'yar'uwa. Ni ma tun jiya in na buɗe baki zan yi kuka, sai hamdala ta riga shi fitowa." Gaskiya ta faɗa. Mun yi kuka, ba a rasa irin Baba ido ya zauna a bushe. Amma kuka ne marar ƙaya a ciki, don abin da muka daɗe muna tsoro Allah bai nuna mana shi ba.

'Ya'yana suna jin Hausa, sai dai da Larabci suke amsawa. Na ga in ban rubuta ba, nan gaba iyakar abin da za su tuna shi ne kakansu wani tsoho ne mai yawo da toka a aljihu.

Tokar ce kuwa baƙo yake fara lura da ita. Kullum da safe in Hajiya ta gama turara ɗaki, Baba zai ɗebi tokar kaskon ya zuba a wata 'yar jakar fata da ta yi baƙi don tsufa. In ya fito sai ya tsaya, ya ɗan mintsino ta da yatsu biyu, ya saki, ya bi ta da kallo. Ya taɓa yin haka a tsakiyar falo, na'urar sanyi tana hurawa, babbar 'yata ta ce, "Sidi, esh hada? Wannan fa iskar mukayyif ce!" Ya ce, "Ko ta mukayyif ce, tana da inda ta fito da inda za ta." A cewarsa maharbi ba ya taka daji sai ya san inda iska ta nufa, don nama yana jin warinka tun bai gan ka ba, shi ya sa kake zama ta inda iska za ta kwashe warinka ta yi baya da shi.

A Sudan aka haife shi, a wani ƙauyen Hausawa da ke gaɓar kogi, cikin zuriyar alhazan da suka yada zango a hanya zangon ya zama gari. Can ya yi farauta yana saurayi. Da ya tsallako Jidda, a tashar jiragen ruwa ya ƙarar da ƙarfinsa, daga dakon buhu har ya zama mai kula da sito. Bai sake riƙe bindiga ba. Amma farautar ba ta taɓa sauka daga jikinsa ba. Tafiyarsa ba ta da sauti, kuma yana iya zama wuri guda har ka manta da mutum a ɗakin.

Ni daga Katsina aka kawo ni. Watannin farko kullum ina kicin ina kukan gida a ɓoye, shinkafar nan tasu mai kayan ƙamshi ta ƙi wuce mini. Kunyar suruki ba ta bari in haɗa ido da shi, shi ma bai taɓa ce mini me ya same ki ba. Wata safiya na buɗe ƙofar kicin na tarar da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a ƙasa. Ban ji zuwan kowa ba. Da na yi tuwo ranar, ya ci ya suɗe hannu, ya ce wa Hajiya yadda zan jiyo, "Amaryar nan tamu ta fara shan ruwan garin." Amarya ya ci gaba da kirana har furfura ta fito mini.

Labarin farauta guda ɗaya gare shi da ya fi so, mun ji shi har mun haddace.

"Farautar farkon rani ta kowa ce," haka yake farawa. "An ƙone ciyawa, nama ya yi yawa, ga wauta. Ana kiɗa, ana ihu, ana kora da karnuka, ko makaho ya harba sai ya dawo da barewa. Ta ƙarshe ita ce ta maharba. Bazara ta kama, rafuka sun ƙafe, kowa ya koma sharar gona yana duban gabas. Naman da ya rage shi ne wanda ya sha jin ƙarar bindiga bai mutu ba. Wannan ya fi ka wayo. Ba a korarsa, zama ake yi masa."

A irin wannan lokaci ne suka fita da kawunsa, guzuri ya ƙare sai ɗan garin gero. Suka yi kiciɓis da wani tsohon gwanki, ƙahonsa ya lanƙwashe har gadon baya. Zuciyar Baba ta buga, bai jira ya juyo masa haƙarƙari ba, ya saki wuta. Ya same shi a cinya. Gwanki ya zabura, Baba ya zabura, kawu ya cafke ƙafarsa ya kayar da shi.

"Kawu, zai tsere!"

"In ka bi shi yanzu, a ƙafa uku sai ya kai Habasha. Zauna. Bari ya kwanta, ciwon ya yi masa magana."

Kawu ya ɓare goro ya ba shi rabi, ya kafa masa doka biyu. Wanda ya raunata nama ba shi da gida sai ya same shi, don barinsa ya ruɓe a daji zalunci ne. Kuma ba a binsa da zafi. Mai rauni ƙishi yake ji, ba ya nisa da ruwa. Suka nemo kududdufin ƙarshe da ya rage a cikin ƙafaffen rafi, suka zauna, ba a bakinsa ba, can nesa a gindin ƙaya, don in ka zauna a kan ruwan ka hana shi sha. Ƙuda ya sauka a ido ba a kora. Ga hadari yana haɗuwa a gabas, in kuwa ruwan sama ya sauka shi ke nan, ko'ina ya zama mashaya, ba za a sake ganinsa ba. Yaran sukan katse shi su ce, "Sidi, kwana nawa?" Sai ya ce, "Maharbin da ya fara ƙirga kwana ya kusa tashi." Gwankin dai ya zo, da tsakar rana, lokacin da ba mai tsammani, yana jan ƙafa. Suka yi bisimilla suka hutar da shi. Suna hanyar gida da nama a ka ruwan farko ya sauka.

Mun ɗauka labari ne kawai na tsufa, har ranar da Baba ya sake harbi bai duba ba.

Auta, ƙanin maigidana, direban babbar mota ne a lokacin, yana ɗauko kaya daga tasha. Wata rana da rana tsaka motar ta sauka daga titi ta daki katanga. Allah ya tsare ba a taka kowa ba, amma an same shi kife a kan sitiyari, gumi sharkaf, harshe ya karye. Kafin yamma zance ya zagaye unguwa, wai ƙwayar nan ce da wasu direbobi suke sha don kada su yi barci. Zancen ya iso kunnen Baba ranar Juma'a a sahu. Ana sallamewa ya tarar da Auta a ƙofar masallaci, a gaban maƙwabta da abokan aiki, ya ɗauke shi da mari har hularsa ta faɗi.

"Ban haifi mashayi ba," ya ce.

Auta kuwa mutum ne mai gemu. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya bi ta cikin mutane. Kafin mu farga ya kwashi 'yan kayansa ya bar gidan. Bayan kwanaki likita ya gaya wa maigidana gaskiyar magana: ciwon suga ne da ba a san da shi ba, shi ya sumar da shi a kan tuƙi. Da aka faɗa wa Baba, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa na dama. Can ya ce, "Ban jira ya juyo ba."

Mu kuwa muka yi abin da muka iya, wato kora. Hajiya ta tura goggonni, ni ma na aika da abinci, aka dame shi da waya har ya sauya lamba. Maigidana, da kyakkyawar niyya, ya tara dattawan unguwa ba da sanin Baba ba, kowa ya sha farin tobi, doguwar rigar nan, da turare, suka cika motoci suka dira a garejin da Auta ya samu aikin walda, ana tsakar aiki. Nan a gaban abokan aikinsa wani malami ya buɗe wa'azi a kan saɓa wa iyaye. Wanda aka mara a bainar jama'a shi ake karanta wa ayoyi a bainar jama'a. Washegari ya bar wurin, ba wanda ya san inda ya nufa.

Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci irin na ranar ba. "Kun je masa da ganga da karnuka," ya ce wa maigidana. "Turarenku ya riga ku isa. Daga yau kada wanda ya sake binsa." Sai ya yi shiru, shirun da ya ɗauki watanni, har mutane suka fara cewa tsohon nan zuciyarsa dutse ce. Wata rana ina kwashe tuwo na jiyo su da Hajiya.

"Alhaji, yaron nan fa haihuwarsa na yi, ba a daji ka tsinto mini shi ba."

"Na sani."

"To tashi ka nemo shi ka ba shi haƙuri mana! Girman kai ne?"

"Bari ya kwanta tukuna."

"Ya kwanta! Ɗana ne, ba gwanki ba! Kai komai gwanki, komai gwanki. Da ma gwankin ka aura ka huta!"

"Da gwanki na aura, ai da tuni na gane inda iskarsa take kaɗawa."

Saura kaɗan mara ta suɓuce mini. Amma ni mai kwashe kwanuka na san abin da mutanen waje ba su sani ba. Abincinsa yana dawowa kusan yadda na kai, sujadarsa ta ƙara tsawo, kuma takalman da Auta ya bari a bakin ƙofa ban taɓa ganin ƙura a kansu ba, alhali ba ni nake gogewa ba.

Akwai maƙwabcinmu, tsohon abokin Baba tun zamanin tasha, muna ce masa Ammu. Yana da 'yar motar ɗaukar kaya da ake kira dabbab, yana kai kaya Khumra, can kudu inda ba komai sai situna da garejoji da ɗakunan leburori. Shi ya zo wata yamma ya ce ya hango Auta a wani lungu da abin rufe fuska na walda. Baba bai tambayi ya rame ko ya yi ƙiba ba. Cewa ya yi, "Ina yake shan ruwa?" Ammu ya ce akwai ɗan masallaci a bakin lungun, da barrada a ƙofarsa, injin ruwan sanyin nan da ake kafawa sadaka, duk masu aikin wurin nan suke sha. Baba ya gyaɗa kai. "Mai suga ba ya nisa da ruwa."

Washegari na ji gyaran murya a ƙofar kicin. Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa roƙona wani abu baki da baki ba sai ranar.

"Amarya, a dafa mini shayi a fulas. Irin na gidan nan, da kanumfari da citta da na'ana'a, a cika su. Kofi biyu. Kada a sa suga."

"Baba, ko kaɗan?" Don shi mutum ne da in ya zuba suga cokali yana iya tsayawa a kofin.

"Ko ƙanƙani."

Haka zaman ya fara. Ammu ya ɗauke shi da safe in zai kai kaya, ya dawo da shi kafin magariba. Tsohuwar jallabiyarsa ta aiki ya zaro, mai ruwan ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai, kullum kafin ya fita sai ya rataye ta a kan kaskon turaren Hajiya ta sha hayaƙi, shi da ya yi wa maigidana faɗa a kan turare. Na ce a raina tsufa ne, mantuwa ta fara. Ammu ya ce in sun isa sai Baba ya saki tokarsa ya duba, sannan ya zaɓi wuri a tsallaken lungun, yau gindin bangon sito, gobe wajen turken lantarki. Ya shimfiɗa kwali, ya jera kofuna biyu, ya buɗe fulas, ya juya gefe yana jan carbi. Ba ya kallon barrada, ba ya yi wa kowa tambaya. In an kira salla ya shiga sahun ƙarshe ya riga kowa fita.

Auta ya gan shi tun ranar farko. Ya saki kofin ƙarfen barrada ya bar shi yana lilo a sarƙarsa, ya koma gareji, ya daina zuwa barrada, sai ya zagaya ya sayi ruwan gora. Baba ya ce wa Ammu, "Na yi kusa," ya ƙara ja baya. Aka daɗe a haka. Sannan wata rana Auta ya fito ya sha, ya ba shi baya. Aka daɗe a hakan ma. Leburorin wurin suka ɗauka wani tsoho ne marar galihu, har wani ya fara ajiye masa gurasa a gefen kwali. Baba ya karɓa ya yi godiya ya ci, don kada gardama ta ja ido. Da Hajiya ta ji, ta ɗora hannu a ka. "Yau ni na ga ta kaina! Mijina da 'ya'yansa da jikokinsa yana cin sadaka a Khumra!" Ya ce, "Gurasar kuwa da daɗi, da za ki koya."

Ni kuma kullum da magariba in buɗe kwandon da yake zuba kayan shayin: kofi ɗaya da shacin shayi, ɗaya fes kamar yadda na sa shi. Duka biyun nake wankewa, in yi addu'a a kan mai tsabtar.

Zafi ya shigo, irin na Jidda mai ɗanshi da ke sa mutum ya ji kamar an rufe shi da jiƙaƙƙen bargo. Ƙafafun Baba suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Likita ya ce zuciya ce ta gaji, a hana shi rana, a hana shi wahala. Maigidana ya durƙusa a gabansa.

"Abuya, bari in aika masa cewa ba ka da lafiya. Wallahi da gudu zai zo."

"Na sani. Gawata zai zo wa, ba ni ba. Ya tsaya a kaina da marin a fuskarsa, ni in tafi da shi, shi ya zauna da shi."

"In kuma ruwan sama ya riga mu sauka fa?"

Baba ya ce, "To Allah dai ya ga inda na zauna."

Wannan ita ce maganar da ta hana ni sukuni. Ina tsoron ranar da Ammu zai dawo da kwando ba mai kwandon. Ina tsoron Baba ya tsaya gaban Allah da hakkin ɗansa, Auta kuma ya ƙare rayuwarsa yana tuna tsohon da ya ba wa baya.

Jikin ya yi tsanani aka kwantar da shi asibiti. Da aka sallamo shi, kwana ɗaya ya yi ya ce a dafa shayi. Hajiya ta ɓoye takalmansa. Ya zura silifas ɗin banɗaki ya fita.

Abin da ya faru ranar, Ammu ne ya gani daga cikin dabbab ɗinsa, don ya ƙi tafiya ya bar shi. Baba ya zauna da ƙyar, ya jera kofuna, ya kama murfin fulas zai buɗe, hannu ya ƙi. Ga filastar ƙarin ruwa a bayan hannun. Ya murɗa, ya huta, ya sa gefen jallabiya ya sake murɗawa. Auta yana tsaye a barrada, wannan karon ba baya ya bayar ba. Kwanakin da wurin ya zauna ba kowa, ashe kullum sai ya fito ya duba. Ya ajiye kofin ƙarfe, ya tsallako, ya tsuguna, ya karɓi fulas ya buɗe, ya zuba a kofi ɗaya. Ya ɗan tsaya. Ya zuba a na biyun. Ya kurɓa, ya dubi kofin.

"Abuya. Kai ne da shayi ba suga?"

"Na saba."

"Tun yaushe?"

"Tun da na fara zuwa."

Ammu ya ce Auta ya kifa kai a gwiwa kafaɗunsa suna rawa. Baba bai taɓa shi ba sai da ya lafa, sannan ya miƙa masa hannun dama a buɗe. "Wannan ne ya yi. Ban tambaye ka ba, ban jira ba. Na zalunce ka, ɗana. Ka yafe mini." Auta ya kama hannun ya sumbata ya ɗora a goshinsa yana cewa, "Halas, Abuya, ya wuce." Suka shanye shayinsu. Baba bai ce masa taho gida ba. Ya tattara kofuna ya ce, "Koma bakin aikinka, sai gobe."

Da magariba na buɗe kwando na ga kofuna biyu duka da shaci. Na yi sujada nan a kan tayil ɗin kicin, na tashi na nufi ɗakinsa da kofunan a hannu, kunyar ma na manta da ita. Ya ɗora yatsa a leɓe. "Iska, Amarya. In Hajiyarki ta ji, kafin isha an ji a Makka." Na haɗiye. Allah ya sani ban taɓa riƙe abu mai nauyin wannan farin cikin ba, ina kallon Hajiya tana share hawaye ina tuƙa tuwo.

Sai da kofuna suka yi ta dawowa biyu-biyu, sannan wata Juma'a Auta ya zo da ƙafarsa, ya shiga sahu kusa da mahaifinsa. Ana sallamewa Baba ya riƙe hannunsa ya tsaya a ƙofar masallaci, daidai inda hular ta faɗi, ya jira mutane suka taru neman takalma. Muryarsa ba ƙarfi, amma an ji. "Jama'a, a nan na mari yaron nan, a nan zan faɗa. Ɗana ba mashayi ba ne, ciwo ne Allah ya ɗora masa. Ni ne na yi gaggawa." Da suka shigo gida Hajiya ta rangaɗa guɗa, ta hau dukan Auta da mayafi tana kuka, ta juya ta ɗan taɓa Baba da shi shi ma. Da aka kawo shayi Baba ya leƙa kofinsa ya ɗago.

"Amarya, miƙo gwangwanin sugan nan. Farauta ta tashi."

Allah ya ara musu sanyin bana gaba ɗaya. Auta ya dawo da shimfiɗarsa ɗakin Baba, shi ke masa alwala, shi ke aske shi, suna faɗa a kan wa ya fi wani ƙin shan magani. Ranar Larabar, bayan Baba ya sha rabin kofi, ya ce a ɗan kwantar da shi. Auta ya tara cinya. Yana laƙƙana masa kalmar shahada yana amsawa, har amsar ta tsaya.

Ranar da aka tashi zaman makoki, ana naɗe kujeru, na ji gyaran murya a ƙofar kicin har gabana ya faɗi, don irin ta Baba ce sak. Auta ne, da 'yar jakar toka a hannu.

"Matar Yaya, kofunan nan suna nan?"

Na ɗauko su na miƙa masa. Ya juya su a hannu.

"Kin san me ya fi damuna a Khumra? Ba ganinsa ba, ido ana iya kawar da shi. Ƙamshin ne. Duk inda na tsaya a lungun, turaren Ummi da kanumfarin shayinki sai sun same ni. Ina walda ina jin gidanmu."

Ammu yana bayansa da kujeru a kafaɗa, ya ajiye su. "Ai da gangan ne. Tun ranar farko na ga ya saki toka ya je ya zauna ta inda iska za ta kwashi warinsa ta kai barrada. Na ce, ya zol, abokina, shekara nawa kana koya mana, yau ka zauna a baibai? Ya ce, wancan gwankin kashe shi na je yi, shi ya sa na ɓoye masa. Wannan so nake ya ji warin gida."

Ashe ba mantuwa ba ce. Auta ya ɗauki kofi ɗaya ya sa a aljihu tare da jakar toka, ya bar mini ɗayan. Yana nan a kan kanta, kusa da gwangwanin suga.

Ya Allah, bawanka ya zauna a rana har ya sauke hakkin da ke wuyansa, kuma Ka jinkirta ruwan har ya kai gida. Ka zaunar da shi a inuwa, Ka yafe masa gaggawarsa kamar yadda ɗansa ya yafe, Ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishi a bayansa. Mu kuma da muka saba da kora, Ka koya mana zama. Amin.